Ƙusa Ɗaya a Falon Baba Mwadkon

Duk wadda ta yi aure a unguwar Daɗin Kowa ta Jos a 'yan shekarun nan, in kun ga ta fito a hoto fuska sumul kamar ba ta taɓa ƙuraje ba, kada ma ku tambaya, Klaudiya ce ta taɓa ta. Kwantenar da ta mayar shagon kwalliya na nan bakin titi, an shafe ta da fenti ruwan hoda, ga ƙaton madubi, ga fitila mai zagaye. Mace za ta shiga da fuska duk ramuka, ta fito angon ma sai ya sake dubawa ko tasa ce aka kawo masa. Klaudiya ba ta jin kunyar faɗin haka da bakinta, kuma gaskiyarta ne. Aikinta ke nan a duniya: ta shafe, ta murje, ta ɓoye. In ta gama da ke, ba mai gane inda hoda ta fara da inda fatarki ta ƙare.

Tun tana firamare take ja wa yaran layi gira da gawayi, iyayensu na biyo ta da tsintsiya. Babanta, Baba Mwadkon, tsohon mai haƙar kuza, shi ya raɗa mata Mai Hannu. Ba ya ce mata Klaudiya sai ta yi laifi. Baƙo in ya zo, kafin a kawo ruwa ma Baba ya fara: "Ka ga wannan? Mai Hannu ke nan. Duk gidan nan ita Allah ya ba." Ita kuma sai ta wani lumshe ido kamar ba ta so, alhali har cikin ƙashinta take jin daɗin.

Ƙanwarta Yael kuwa, kai! Bahaguwa ce, kuma duk abin da ta ɗauka sai an bi bayanta da shara. Kofi, faranti, murfin fulas, har madubin kwantenar Klaudiya na farko ita ta tsaga shi da gwiwar hannu. Da mamansu ta rasu, Yael ce ta gaji tukunyar gwatenta, faten accan nan mai ganye, a Gada Biyu, tana sayar wa 'yan keke da masu faci. Kowa ya ce ta samu daidai ita, tunda tukunyar ƙarfe ce, ba ta fashewa.

To a gefen tukunyar nan akwai rumfar Malam Lukuman mai fenti. Da can shi ke zana allon masu aski da zakin bayan manyan motoci. Da aka koma buga allunan talla da kwamfuta, aiki ya ja baya, sai ya koma zanen fuskokin mutane da fentin mai, irin zanen da in kin matso kusa sai ki rantse kaji ne suka yi dambe a cikin fenti, in kin ja baya kuma sai ki ga mutum yana kallonki. Yael in kasuwa ta lafa takan zauna tana kallo. Daga kallo ya fara miƙa mata ragowar fenti da kwalin taliya.

Ba wanda ya sani a gida sai ranar da ta shigo da wani kwali a hammata, suna tsaka da cin tuwo. Baba da yana ta fara rufe masa ido ya karɓa, ya miƙe hannu can nesa, ya karkata kai. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kai! Wannan ba Siman mai faci ba ne? Ga bakin nan nasa na rigima! Wa ya yi?"

"Ni ce, Baba," in ji Yael, tana sosa ƙeya.

Klaudiya ta fizgi kwalin. Me za ta gani? Shirme. Kore a goshi, shuɗi a ƙarƙashin haɓa, hanci kamar an jefa da cokali. Duk inda buroshi ya bi ga sawunsa nan ɓaro-ɓaro, ko arzikin a murje ba a yi ba.

"Wannan in amarya na yi wa haka ai sai an kai ni ofishin 'yan sanda," ta ce.

Baba ko jin ta bai yi ba. Ya nuna bango da loma a hannunsa. "Yael, bikin godiyata na cika saba'in yana zuwa. Ki zana ni. Mu cire kalandar can, a rataye ni a wurin."

Ƙusa ɗaya ce tak a bangon falon nan, daidai saman kujerar Baba, kuma wata tsohuwar kalanda ce a kai wadda shekararta ta wuce tun mama na da rai. Lokacin da Klaudiya ta gama koyon kwalliya, ta sa wa satifiket ɗinta gilashi, ta roƙi ƙusar nan, Baba ya ce a bar masa kalandarsa, yana son hoton shanun da ke jiki. Yau ga shi saboda mai faci da koren goshi, shanu sun tashi daga aiki.

Washegari ko kwantena ba ta buɗe ba. Ta ci kwalliya, ta hau takalmi mai tsini, ta tari keke sai Gada Biyu. Ta wuce Yael da tukunyarta kamar ba ta san ta ba, ta tsaya a bakin rumfa.

"Oga, ni ce yayar waccan. Koyo na zo. Ni ba zan ba ka wahala ba, da ma sana'ata ce, fuska nake yi."

Malam Lukuman, wani siriri mai furfura a gemu da fenti har a hula, ya dube ta sama da ƙasa. "Fuska kike yi ko fuska kike rufewa?"

"Duk ɗaya ne."

"To bismilla, Hajiyar kwalliya. Ga allo, ga buroshi. Ga Siman can yana barci a kan taya, zana min shi."

Ta karɓi buroshin ta riƙe shi can wajen gashin, yadda take riƙe jagira. Ta kai hancinta dab da allo. Ta fara da gira, gashi ɗaya bayan ɗaya. Malam ya bar ta har ta gama girar hagu, sannan ya ce, "Mutumin da ba shi da kai tukuna, ina za ki manna masa girar?"

'Yan keken da ke shan gwate suka kwashe da dariya. Har da Yael, ko da yake ta yi saurin rufe baki da murfin tukunya. Klaudiya ta gani. Ta ajiye a ranta.

Haka aka fara. Malam ya ƙwace ƙananan buroshin duka, ya ba ta wani mai faɗi kamar na shafa wa ƙofa fenti. Ya ce tsaye ake yi, ba a zaune ba. Ya ce ta riƙe daga can wutsiya. Ya ce ta kanne ido har Siman ya koma duhu da haske kawai, ta fara sa duhun, ido da baki su jira. Kullum maganarsa ɗaya: "Ɗora ki bari. Ja baya ki duba. Ɗora ki bari."

Barin ne ya gagara. Hannun da ya shekara da shekaru yana murje hoda ba ya ganin layi ya ƙyale. Tana ɗora fenti, kafin ta ankara ɗan yatsanta ya kai, ya shafe gefen. In Malam ya juya baya sai ta zaro soson fandeshan daga jaka ta daddanna. Ranar da ya kama ta, ya ɗaga soson sama da yatsa biyu kamar ya kamo ɓera.

"Jama'a ku zo ku ga abin da ke cinye min fenti!"

Ya jefa shi a gwangwanin kananzir. Sannan ya samo sandar mofa ta goge daɓe, ya ɗaure buroshin a bakinta da roba, ya miƙa mata. "Yanzu in kin isa ki kai yatsa."

Ku yi tunanin Klaudiya, gashin ido zaƙo-zaƙo, farce ja, tana tsaye a bakin titin Gada Biyu tana zungurar allo da sandar mofa. Wata amaryar da ta taɓa yi wa kwalliya ta wuce a keke ta leƙo: "Anti Klau, lafiya dai?" Ta yi kamar ba da ita ake ba.

Rigimar kala kuwa ba a magana. Ita ta saba fatar mutum lamba gare ta, ki duba wuya ki ɗauko kwalbar da ta dace, shi ke nan. Sai ta zauna ta dama ruwan ƙasa guda ɗaya mai kyau ta shafe fuska da shi kaf.

"Ina koren?" in ji Malam.

"Oga, don Allah wa ka taɓa gani da koren goshi? Ko ɗan ruwa ne?"

"Dubi Siman. Rumfar da yake ƙarƙashi wace kala ce?"

Ta duba. Koriyar leda ce. Kuma ga shi nan a goshin mutumin, kore-kore, abin haushi. Ta fi jin haushin ganin da ta yi a kan rashin ganin.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne Yael ba ta wani ƙoƙari. Za ta bar ludayi, ta goge hannu a zani, ta ɗauki buroshi da hagun nan nata mai fasa kofi, ta yi fyaɗa uku huɗu tana hira da mai sayen gwate, sai ga kunne ya fito. Malam ya ce, "Yauwa 'yar gari!" Ita Klaudiya tun da ta zo ko yauwa ɗaya ba ta samu ba. Har lissafin ta take a zuci, tana jira.

Da biki ya matso, Klaudiya ta ce ita ma za ta zana Baba, a rataye wanda ya fi. Yael ta ce, "Yaya, ai ba gasa ba ce." Ta ce, "Wa ya ce gasa ce? Ke dai yi naki." Suka dasa Baba a kujera a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar piya, da jar hularsa, kowa da allonta. Baba yana gyangyaɗi yana farkawa yana tambaya ko an gama.

A gida ba Malam, ba sandar mofa. Klaudiya ta baje kayanta na gaske. Ta sayo sabon soso. Baba yana da wani tabo a goshi, inda dutse ya sare shi a ramin kuza tun yana saurayi. Ta shafe shi. Ramukan kumatu ta cike su. Jakar ƙarƙashin ido ta kwashe. Ta ɗan ƙara masa haske, don a ganinta ba laifi ba ne mutum ya fito fes ranar bikinsa. Ta gyara gira. Allah ya sani ta zuba ƙauna a aikin nan, ta yi wa ubanta abin da take yi wa wadda ta fi so a cikin amare. Da ta gama, ko sawun buroshi ɗaya babu, kamar daga inji ya fito.

Aka jingina alluna biyu a bango. Baba ya gyara tabarau, ya fara da nata. Ya daɗe yana kallo.

"Allah sarki," ya ce a hankali. "Wane fasto ne kuma ya rasu?"

Yael ta tuntsire har da zama a ƙasa.

"Baba, kai ne fa!"

"Ni? A'a. Wannan irin hoton da ake bugawa a jikin riga ne ranar jana'iza. Mai Hannu, kin gaji da ni ne? Ina tabona? Dutsen nan ya kusa kashe ni, na sha da kyar, ke kuma kin share shi da soso?"

Ya juya ga na Yael. Nan fenti ya yi tudu-tudu, ja da shuɗi da ruwan goro, tabon ma fyaɗa ɗaya ce fara-fara da aka ja aka bari. Sai ya miƙa hannu zai taɓa.

"Kar ka taɓa, Baba, ɗanye ne! Sai ya kwana biyu."

Ya janye hannun, yana murmushi da bakin nan nasa mai wawulo. "Ga ni nan kuwa. Har gajiyata ta fito. Ashe akwai wata mai hannun a gidan nan ban sani ba."

Klaudiya ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyin Jos na asuba a baya. Ta kwashe kayanta tsaf, har da rufe kowace kwalba.

Washegari da rana Yael na Gada Biyu, Baba ya tafi taron dattawan coci. Klaudiya ta dawo gida wai ta manta caja. Ƙarya ne, cajar na cikin jakarta. Allon Yael na jingine a ɗakinsu yana shan iska, ɗakin duk warin fenti. Ta tsaya a kansa. Daga kusa ai shirme ne, wallahi shirme ne, kowa ya zo ya gani. Ta ce a ranta ba ɓatawa za ta yi ba, taimako ne, kuncin nan na dama ya yi kaushi da yawa, ɗan murjewa kaɗan yake so. Ta san ƙarya take. Ta zaro soso.

Dannawa uku ta yi. Ja da shuɗi da ruwan goron suka haɗe suka koma kalar taɓo. Ta ƙara don ta gyara, taɓon ya faɗaɗa har gefen hanci. Sai ta ja baya zuwa bakin ƙofa, yadda Malam ya koya mata, ta duba.

Rabin fuskar Baba ne, yana kallonta da gajiyarsa da tabonsa. Ɗaya rabin ya mutu. Ya lotsa kamar an taka gwanda.

Ba tausayin Yael ba ne ya fara zuwa mata, kada ku ɗauka. Abin da ta hango shi ne Baba yana cewa "Klaudiya" da muryar nan, a gaban mutane. Ta kankare taɓon da bayan cokali. Ta jawo katakon da Yael ke dama fenti a kai, kalolin na nan ba su bushe ba. Ƙananan buroshinta na kwantena, babu sai ƙaton na Yael. Ta kasa matsawa kusa don tsoron abin da za ta gani, sai ta riƙe shi daga wutsiya, ta tsaya nesa. Ta kanne ido. Ta tuno Baba a ƙarƙashin piya, inda ƙashin kuncinsa ke kama rana, inda ramin ke yin duhu shuɗi-shuɗi, da ɗan ja da hular ke zubowa. Ai ta san fuskar nan. Ta kwana biyu tana ƙare mata kallo don ta san abin da za ta ɓoye.

Ta ɗora. Yatsanta ya taso da kansa, ta cije leɓe ta mayar da shi. Ta sake ɗorawa. Wani ya taɓa ƙofar gida, gabanta ya faɗi, ta yi fyaɗa biyu da sauri ta jefar da buroshin a bayan akwati. Ashe akuyar maƙwabta ce.

Da yamma Yael ta dawo, ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. Klaudiya na tsakar gida tana yankan alayyafo, ta shirya tsaf, ta tanadi baƙaƙen maganganun da za ta mayar. Yael ta fito ta ce, "Yaya, akwai sauran manja?" Shi ke nan. Har ranar biki ba ta ce uffan ba. Da ma ta zage ta da ya fi mata sauƙi.

Ranar godiya aka dawo daga coci, gida ya cika, 'yan zumuntar mata da ankonsu, ga acca ga naman kaza. Malam Lukuman ma ya zo da wankakkiyar hula. Aka sauke shanu, aka rataye Baba. Fenti ya bushe, don haka Baba ya sa aka riƙe shi ya miƙe, ya bi fuskarsa da yatsu, tudu bayan tudu. Ya taɓa tabon ya yi dariya. Da ya zo kuncin dama sai ya tsaya, ya sake shafawa.

"Nan wurin," ya ce. "Nan ne ya fi. Kamar in yi magana ya motsa."

"Gaskiya ne, Baba," in ji wata 'yar zumunta. "Kuncin nan kamar jini na gudu a ciki."

Baba ya ɗaga murya yadda har na waje za su ji. "Ina Mai Hannu? Zo nan mutane su gan ki!"

Klaudiya har ta ɗaga ƙafa. Sai ta ga ba ita yake kallo ba. Yael ta taso tana sosa ƙeya, a hanya ta ture kofin zoɓo, aka yi dariya aka tafa mata.

"Klaudiya," in ji Baba, ko juyowa bai yi ba, "kawo tsumma a goge wurin nan."

Ba laifin da ya san ta yi. Sunan ne kawai ya tashi daga kanta.

Ta tsaya da tsumma a hannu tana jin ana yabon kuncin da ita ta yi. Abu mafi kyau da hannunta ya taɓa ɗorawa a allo, ga shi a ƙusar da ta shekara tana so, kuma in ta buɗe baki ta ce nata ne, sai ta faɗi abin da ya kai ta ɗakin da soso. Ta durƙusa ta goge zoɓon.

Malam Lukuman ya matso da farantinsa, yana kallon hoton, ba ita ba.

"Yael bahaguwa ce," ya ce ƙasa-ƙasa. "Duk fyaɗarta daga nan take gangarowa. Wannan kuncin kuwa hannun dama ne ya yi shi, kuma a tsorace." Ya tauna nama. "Yauwa. Ki zo ran Litinin. Ki bar soson a gida."

Yauwar da ta yi ta jira ke nan, ta zo a inda ba mai ji.

Da aka watse suna wanke-wanke, Yael ta miƙo mata faranti ba ta dube ta ba. "Yaya, in za ki kuma shiga min aiki, ki riƙa wanke buroshi. Na same shi a bayan akwati ya sandare."

"Ban san me kike faɗa ba."

"To. Amma kuncin ya fi nawa."

"Na sani," in ji Klaudiya, ta fizge farantin.

Har yau tana kwantenarta a Daɗin Kowa, amare na layi, tana shafe su sumul yadda suke so. Faston da ya rasu yana jingine a bayan madubi, fuskarsa na kallon bango. Ran Litinin kuwa ba ta buɗewa, tana Gada Biyu da ƙaton buroshi, ana ce mata ɗora ki bari, tana hararar Yael ta gefen ido duk sanda aka ce mata 'yar gari. Baba bai mayar mata da sunan ba. In ya kira Mai Hannu har yanzu sai wuyanta ya juya kafin ta tuna.

A jakar kwalliyarta, cikin aljihun da soso ke zama da, akwai ƙusa sabuwa 'yar inci huɗu. Ta ce bangon falon da faɗi, kuma ba roƙo za ta sake yi ba. Ranar da ta zana Baba da tabonsa, shi da kansa zai ce a kawo guduma.